Mai Haya Da Hakkin Shufu'a A Ƙasar Kadawa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasa ta yi daraja. Inda dā ba a komai da rani sai kiwo, ya zama wurin alkama da tumatir da shinkafa. Baƙi suka yi ta zuwa, fatake da 'yan ƙwadago, wani ya kama ɗaki haya, wani gida sukutum. Akan sami wanda ya daɗe cikin gidan haya har ya aurar da 'ya'ya a ciki, kowace shekara shi ke yaɓe. Ran nan sai ya ji a bakin dillali an sayar. Ya garzaya wurin alƙali, wai shi ya kamata a fara yi wa tayi.

Alƙali ba zai ba shi gidan ba. Shufu'a, watau hakkin karɓe abin da aka sayar a mayar wa mai saye kuɗinsa, a Malikiyya ta abokin tarayya ce cikin abin da ba a raba ba, kamar magada biyu a gida guda. Risalar Ibn Abi Zaid ta hana ma maƙwabci, balle mai haya, wanda amfanin gida ya saya, bai mallaki ko azara ɗaya ba. Hanafiyya ne suka ba maƙwabci. Abokin tarayyar ma, kadan yana gari ya yi shiru har shekara ta wuce, hakkinsa ya faɗi. A Faransa kam dokar 1989 ta tilasta mai gida, in zai fitar da mai haya domin sayarwa, ya fara yi masa tayi, ya jira shi wata 2.

Amma fa mai haya bai tashi a tutar babu ba. Ciniki ba ya warware haya, tilas mai saye ya jira wa'adi ya cika. Abin dubawa shi ne yadda aka ƙulla ta. Kadan an ambaci wa'adi, aka ce shekara 2 daga watan kaza, ta lazimci kowa. Kadan kuwa cewa aka yi kowane wata kaza, ba a yanke ƙarshe ba, malamai sun ce ba ta lazimta sai gwargwadon kuɗin da aka riga aka biya. Manomin da ya kama fegi a bakin ruwa, tumatir ya fara fure aka sayar da gonar, kan wannan alƙali zai tambaye shi, sa'an nan ya ce ya kawo shaidu biyu.