Gidan Ɗan Hausa: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Soron da Ya Haura Shekara Ɗari

Duk mutumin Madarunfa da ya bi ta Ɗan Isa da Katsina ya sauka Kano, ya kamata ya ware awa guda ya leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa. Yau gari ya haɗiye shi, amma lokacin da Hanns Vischer ya zauna a cikinsa, bayan ganuwa ne, gefen gandun Sarki. Vischer haifaffen Basel ne a Suwizalan, ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, kuma a Nasarawa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909. Ƙwarewarsa a harshen ta sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Gidan kuwa aikin maginan Kano ne, da ƙasar Kano.

Daga waje za ku ga zankaye sun miƙe a kusurwoyi, bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Da tubali ake irin wannan gini, ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka mulmula, aka shanya a rana. Kaurin bangon ne ke riƙe sanyin dare har azahar.

Amma idan kun shiga, ku ɗaga kai sama, don can aikin yake. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta wuce kamar mita biyu. To ta yaya ake rufe ɗaki mai faɗin mita biyar ko shida ba ginshiƙi a tsakiya? Magini yana dasa azara cikin bango, ya ɗora wata a kanta ta ɗan zarce, ya ɗaure, ya lulluɓe da laka, ya bar ta ta bushe kafin ya ƙara. Haka daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka giciya juna, shi ne ɗaurin guga. Tsakaninsu ake jera gajerun azaru, kowace a kusurwarta kamar saƙar tabarma, sannan a bi bakunan da zane da launi. Ni dai ban taɓa tsayawa ƙarƙashin irin wannan rufi ba sai na ji girman masu hannun da suka ɗaure shi.

Ruwa shi ne abokin gabar soro, mutanen Maraɗi kuma sun san haka tun ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga cikin kwari. Shi ya sa ake shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, a bi rufi da laso mai katsin marina, a fitar da indararo nesa da bango.

Gidan yanzu yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano. Abin da ke damuna shi ne, a ƙauyukanmu na gefen tabkin Madarunfa, mai ginin kwano da siminti ya fi mai ɗaurin guga samun aiki, giginyar ma tana ƙaranci. Idan akwai tsohon magini a unguwarku, ku je da yaranku ya nuna musu yadda ake ɗaure azara tun yana da ƙarfin hawa tsani.