Kapibara: ba kowace ƙwayar hanji ce cuta ba

Masu saurare, a Birazil da Benezuwela akwai wata dabba, kapibara, dangin kusu da gafiya, amma fa tana kai kilo 50. Hanjinta cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu abokan zama ne, su ke taya ta narkar da ciyawa. Mugun irin shi ne Eimeriya, mai cin bangon hanji, ya sa 'ya'yanta zawo har su rame, musamman inda aka cunkusa su wuri guda. Danginsa ne ke sa 'yan tsakinmu kashin jini da damina, ko da yake na kaji daban, na kapibara daban. Ta kashi yake yaɗuwa, shi ya sa ake share akurki, a ɗaga kwanon ruwa daga ƙasa.