HASKEN DA KE TONA ASIRIN JABUN MAGANI

Ranar kasuwa a Filinge ko Abala, ba a rasa mai tallar magani a tire. Ga ƙwaya fara, ga ja, ga mai rawaya. Manomi ya saya don masassara, makiyayi ya saya don saniya. Kwalin yana da kyau, amma ido ba ya ganin abin da ke cikin ƙwaya. Wata gari ce da alli kawai aka curo.

Abin ba wasa ba ne. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutum fiye da dubu 50 allurar rigakafi ta jabu a Nijar. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 2.500 suka rasu ta dalilin haka. A 2017 kuma ta ce a ƙasashe matalauta da masu tasowa, magani 1 cikin 10 jabu ne ko maras inganci.

To, masana sun samo mai shaida, shi ne haske. A 1928 wani malami ɗan Indiya, Raman, ya gano cewa idan haske ya bugi abu, ɗan kaɗan daga cikinsa yana komowa da launi dabam. Kowane abu da irin nasa launin. Kamar makiyayin Kurfai ne cikin duhu: ba ya ganin garke, amma da saniya ta yi kuka ya san wacce ce. Alli da tasa murya, maganin masassara da tasa.

Hasken da ke komowa ƙanƙane ne ƙwarai, bai wuce kashi 1 cikin miliyan 10 ba. Sai da aka ƙera leza a 1960, wato haske siriri mai ƙarfi mai launi guda, aikin ya yi sauƙi. Yau akwai na'ura wadda ake riƙewa a hannu. A kara ta ga ƙwaya, ko ba a yage ledar ba. Cikin ɗan lokaci ta gwada da shaidar maganin gaskiya da ke ajiye cikinta, ta ce ya dace ko bai dace ba. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta fara aiki da irinta, mai suna TruScan, wajen 2010.

Na'urar tana da iyaka. Idan sinadarin magani kaɗan ne cikin ƙwaya, tana iya kuskure. Tana da tsada kuma, ba kayan ƙauye ba ce. Babban awo sai ɗakin bincike, irin na LANSPEX a Yamai.

Mai tire dai ba ya awo, kuma rana tana dukan kayansa tun safe. Maganin mutum a same shi a gidan likita ko farmasi, na dabba wurin malamin dabbobi. Wanda ya sha ƙwaya bai ji sauƙi ba, kada ya yar da kwalin. Ya kai wa likita ya duba.