Ƙyanda ba ta ƙarfafa yaro, garkuwarsa take ci

Da zarar sanyi ya ja baya, zafin bazara ya kama, sai maganar ta dawo a Azarori da ƙauyukan Madawa, Buza da Keita: wai a bar ƙyanda ta fito wa yaro, in ta fita shi ke nan, ba ta dawowa, jikinsa ma ƙwari zai yi. Wata uwar kuma ta ce allurar rigakafi ta farko ce ta sa wa ɗanta zazzaɓi, don haka ba ta komawa ta biyu. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganar farko, shi ya sa take da haɗari.

Garkuwar jiki ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ake haihuwar mutum da ita: fata, majina, hawaye, da fararen ƙwayoyin jini irin su niyutirofil da makrofaj, masu haɗiye duk baƙon da suka tarar ba tare da tantancewa ba. Akwai ta aro, wato antibodi da uwa ke ba ɗanta ta mahaifa da ta dakashi, nonon farkon nan da har yau wasu ke tatsewa su zubar. Wannan ba ta daɗewa, kafin yaro ya cika wata 9 ta yi rauni ƙwarai. Dalilin sa allurar ƙyanda a wata na 9 ke nan.

Ta uku ita ce wadda jiki ke koya da kansa. Ƙwayoyin B ne ke ƙera antibodi, ƙwayoyin T kuma wasu su ba da umarni, wasu su kashe ƙwayar jikin da cuta ta shige. In an gama yaƙi, kaɗan daga cikinsu kan zauna shekara da shekaru suna riƙe da kamannin cutar. Su ne dattawan gari da suka san fuskar kowane ɓarawon da ya taɓa shigowa, ko daga nesa suka hango shi sai su yi kururuwa. To ƙyanda ba ɓarawon akuya ba ce, in ta shigo dattawan nan take fara bi. Ta tafi, garin ya san fuskarta, amma babu sauran mai gane tsofaffin ɓarayi, kowa ya dawo sai ya shige kamar baƙon kirki.

Ba zato ba ne. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan yara 77 na ƙasar Holan da ba a yi wa rigakafi ba. Bayan ƙyanda, an tarar sun rasa daga kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na ire-iren antibodin da suke da su. Yaran Turai ke nan masu ƙoshi. Ina ga yaron da tamowa ta riga ta raunana, irin waɗanda ke cika ɗakin yara na asibitin Madawa lokacin da rumbu ya ƙare? Ƙuraje sun bushe, fata ta saɓule, an yi barka, sai bayan 'yan makonni zawo ko ciwon huhu ya ɗauke shi, a ce wata cutar ce daban.

Kuma yadda ake jinyar ma abin takaici ne. Ka tarar da yaro a ƙuryar ɗaki, ido ja yana kwantsa, leɓe ya tsattsage, ƙuraje sun taso daga bayan kunne sun gangara ƙirji, ana jiran su gama fitowa kafin a nufi likita. A wannan jiran ne ido kan lalace, alhali bitamin A da ake bayarwa a gidan likita na rage makanta da mutuwa.

Allura kuwa ƙwayar cutar ce da aka karya wa lago. Tana koya wa ƙwayoyin B da T ba tare da ta yi musu ɓarna ba, ɗan zazzaɓin da ke biyo baya alamar aikin ne. A wata na 9, wajen yara 15 cikin 100 allurar ba ta kama su, shi ya sa aka ƙara ta biyu a shekara ta biyu. Mai ƙyanda ɗaya na iya harbin mutum 12 zuwa 18 inda ba rigakafi, don haka sai an yi wa kashi 95 cikin ɗari kafin gari ya tsira.

Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Kwalbar allurar galibi ta yara 10 ce, in an haɗa ta kuma ba ta wuce awa 6. Uwar da ta yi tafiyar rabin yini da goyo, aka ce ta koma sai yara sun taru, da wuya a sake ganinta. Asarar rabin kwalba ta fi asarar yaro sauƙi, ya kamata hukumomin lafiya su faɗa wa ma'aikatansu haka ƙarara.

Iyaye, a ɗauko katin rigakafin yaro yau a duba. In layin allurar ƙyanda ta biyu ba a cike yake ba, a kai shi kafin bazara ta kankama.