Daga Kafson Gahawa Zuwa 'Yar Leda: Wa Ke Biyan Kuɗin "Kofi Ɗaya"?

A cikin kalmomin aro da Hausa ta karɓa daga Turanci, kaɗan ne suke ba ni sha'awa kamar kalmar "kofi". A bakin Bahaushe kalma guda ce, amma asalinta biyu ne: akwai kofi mazubi, akwai kuma kofi abin sha, wanda magabata suka riga suka sani da sunan gahawa, aro daga Larabci. Ita ma kalmar Turancin daga wannan tushe na Larabci ta fito, ta bi ta bakin Turkawa ta shiga harsunan Turai. Wato baƙo ɗaya ne ya yi mana sallama sau biyu, da farko da rawani ta Sahara, daga baya da malafa ta teku. A yau ma'anonin nan biyu sun haɗu a kasuwanci guda, wato sayar da kofi gwargwadon cikin kofi ɗaya tak.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan ciniki ya ɗauki siffar kafso. Ɗan ƙaramin mazubi ne na alminiyam ko roba, an ɗura masa niƙaƙƙiyar gahawa 'yan giram kaɗan an liƙe. Sai a jefa shi cikin na'ura, ta huda shi, ta tura ruwan zafi da ƙarfi, kafin minti guda kofi ya cika. Kamfanin Nestlé ne ya fito da samfurin Nespresso a Suwizalan a 1986, Keurig ya biyo baya a ofisoshin Amurka a 1998, sannan Senseo a 2001. Domin mai karatu ya ga girman kasuwar, a ƙarshen 2015 an ƙulla cinikin kamfanin Keurig a kan kusan dala biliyan 14. A yanzu na'urar ta fara leƙowa manyan otal-otal da ofisoshin Abuja da Legas, har wasu 'yan bokonmu na ɗaukar ta alamar wayewa.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Tambuwal ko Kebbe da wannan? Ai ko wutar da za ta tayar da na'urar ba kullum ake samu ba. Amsata ita ce, dabarar ta riga na'urar isowa. Duk wanda ya tsaya a tashar Tambuwal, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ko ya shiga shago a Dogon Daji ko Kuchi, zai ga 'yan ledoji jere suna reto kamar tsakiya: na Nescafé, na madara, na Milo, na sabulun gari. Tun da madarar Cowbell ta shigo Nijeriya a ƙananan ledoji a 1993, sauran kamfanoni suka bi sahu. Bayan cire tallafin mai da karyewar darajar naira a 2023, gidaje da dama da suka saba da gwangwani su ma sun koma leda.

Sayar da abu kaɗan-kaɗan ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da kalmarsa tun da can, ita ce ƙulli: ƙullin gishiri, ƙullin sukari, ƙullin barkono, ƙullin daddawa. Sai dai wancan ƙulli matan aure ne ke yin sa a cikin gida, yara su kai talla, ribar ta tsaya a unguwa, ta zama kuɗin adashi da kayan ɗakin 'ya mace. Ƙullin zamani kuwa a masana'anta ake yin sa, ɗan tireda ya samu ɗan abin da ya samu, kaso mai tsoka ya wuce inda ba mu gani. Mun ga yadda dunƙulen Maggi ya ture daddawar kalwa gefe a tukwane da yawa. Harshe ma ya ba da shaida, domin yau kowane ɗanɗano "magi" ne, kowane sabulun gari "omo" ne. Idan sunan kamfani ya zama sunan abu, to kasuwar ta riga ta faɗa hannunsa.

A nan ne kafso da 'yar leda suke zama 'yan uwa. Bature yana sayen kafso don ba shi da lokaci, talakanmu yana sayen leda don ba shi da kuɗin gwangwani. Mai kafso yana biyan ninkin abin da zai biya da ya sayi gahawar a kilo, kuma da saninsa yake yi. Mai leda shi ma, idan aka tara sayayyarsa ta wata guda, sau da yawa za a tarar ya biya fiye da mai gwangwani, alhali shi ba zaɓi ya yi ba. Talauci ke nan ake sa masa haraji.

Sai kuma batun shara. John Sylvan, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro kafson Keurig, ya bayyana nadamarsa a 2015 saboda tulin sharar da abin ya haifar. A 2016 hukumomin birnin Hamburg na Jamus suka hana sayen kafso da kuɗin gwamnati. Su ke nan da ke da motocin kwashe shara da masana'antun sake sarrafa ta. Mu fa? 'Yar ledarmu haɗin roba ce da alminiyam, ba ta ruɓewa, 'yan jari bola ma ba sa waiwayar ta. Iskar hunturu ta watsa ta, damina ta tura ta magudanar ruwa. Manomin Kebbe da ya kai takin juji gonarsa da jaki ko amalanke, har da leda yake zubawa. Mahauta kuwa sun daɗe suna ciro dunƙulen leda daga tumbin shanu da awaki, dabbar ta yi ta ramewa mai ita na ɗora laifi a kan cuta.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, muna da namu tsarin "kofi ɗaya" da ya fi duka biyun. Shi ne teburin mai shayi. Yana sayen gwangwani, ya auna da cokali, ya zuba a kofin da za a wanke a sake amfani da shi, ya ba da bashi ga wanda ya sani, a kan bencinsa kuma ake jin labarin gari. Abin takaici, shi ma ƙarancin jari ya fara tura shi ga yaga leda.

Saboda haka ina kira ga ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da su taimaka wa masu shayi su kafa ƙungiyoyin sayen kaya a sari, su kuma tanadi wuraren tara shara a tashoshi da kasuwanni. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta matsa wa kamfanoni su ɗauki nauyin ledar da suka cika mana gari da ita, ba a Legas da Abuja kaɗai ba. Mu kuma 'yan boko, kafin mu kashe albashi a kan na'urar da kafsonta sai an biya da kuɗin waje, mu tuna cewa ana noman gahawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, manomanta na neman masu saye. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.