Tsohuwa da Duwatsu: Tafiyar Ƙafa Daga Arewa Zuwa Kudu a Tsaunukan Afalashiya

A gabashin ƙasar Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ta bi ta kan jerin tsaunukan Afalashiya, ta ratsa jihohi 14, tsawonta kuwa ya kai kimanin kilomita 3,500, wato kamar mutum ya taka daga Kano zuwa Legas har sau uku da rabi. Wani masanin gandun daji mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawarar yin ta a shekarar 1921, aka kammala ta a 1937. Farin fenti da aka shafa a jikin itatuwa da duwatsu shi ne jagoran matafiyi. Mai son gama ta a jiƙo ɗaya yakan shafe wata biyar zuwa bakwai, kuma daga cikin mutum huɗu da suka ɗauki wannan niyya, kusan ɗaya ne kawai ke kaiwa ƙarshe.

Galibin matafiya daga kudu suke farawa, a jihar Jojiya, cikin Maris ko Afrilu, su nufi arewa ɗumin yanayi na biye da su. 'Yan ƙalilan ne ke juya lamarin, su fara daga dutsen Katadin a jihar Meyin su gangaro kudu. Su waɗannan tilas su jira har watan Yuni ko Yuli, domin ba a buɗe hanyoyin hawan dutsen sai ƙanƙara ta narke.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya taso daga kudu kan iso wuraren wahala ne bayan jikinsa ya yi watanni yana horuwa. Mai gangarowa kuwa, ranarsa ta farko ita ce ta hawan Katadin, mai tsawon mita 1,606, inda a wasu wurare sai an haɗa da hannu. Da saukowarsa sai ya faɗa wani daji mai tsawon kusan kilomita 160 wanda babu gari ko kanti a kan hanyarsa. Allon gargaɗin da ke bakin dajin yana shawartar matafiyi ya riƙe guzurin kwana goma. Idan abincin yini ya kusa kilo guda, ke nan kayansa sun fi nauyi daidai lokacin da ƙafafunsa suka fi rauni. Ga rafuka da ake tsallakawa da ƙafa, ga kuma wasu baƙaƙen ƙudaje masu cizo da ke yin dandazo a watan Yuni.

Wannan ɓangare ne ya kayar da Emma Gatewood a yunƙurinta na farko. Matar karkara ce daga jihar Ohayo, an haife ta a 1887, ta haifi 'ya'ya 11, ta kuma sha azabar duka a gidan aure kafin ta samu rabuwa. A shekarar 1954, tana da shekara 66, ta hau Katadin ta nufi kudu ita kaɗai. Cikin 'yan kwanaki ta ɓace a daji, tabaranta ya fashe, har ma'aikatan gandun suka ce mata ta koma gida. Ta koma ɗin, ba ta kuma faɗa wa kowa abin da ya faru ba.

To, mene ne irin wannan tafiya ke nema daga jikin macen da ta manyanta? Masana sun nuna cewa tun daga shekara 30 tsokar ɗan Adam kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Ga mace akwai ƙari: idan haila ta ɗauke, sinadarin estirojin yakan ragu, shi ne kuwa ke rage saurin zaizayewar ƙashi. Saboda haka faɗuwar da budurwa za ta yi ta karkaɗe jiki ta wuce, tana iya karya wa tsohuwa wuyan hannu ko ƙugu. Abin mamaki, gangara ta fi hawa cutarwa. A lokacin gangara tsokar cinya tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyin jiki, kamar birkin mota, wannan kuwa yakan jawo ƙananan yagewa a cikinta tare da matsa wa gwiwa. Shi ya sa matafiyan yau ke riƙe sanduna biyu, don hannu ya karɓi wani kaso na nauyin. Sai dai ƙashi da tsoka abubuwa ne masu rai, suna ƙarfafa idan ana ɗora musu aiki sannu a hankali, ko da a shekara 70. Matsalar mai gangarowa kudu ita ce hanyar ba ta ba ta wannan sannu a hankalin, dole ta yi horonta tun a gida.

Akwai wasu haɗurra biyu da ba sa sallama. Na farko, jin ƙishirwa yana dusashewa da tsufa, ta yadda ruwan jiki kan ragu mutum bai ankara ba. Na biyu sanyi ne. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Selshiyos a duk mita 1,000 da aka hau, dalilin da ya sa Jos ta fi Kano sanyi ke nan. A kan dutsen Washintan, mai mita 1,917, wanda hanyar ta bi ta ƙololuwarsa, an taɓa auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a shekarar 1934. Jiƙaƙƙiyar riga da iska kan zuƙe ɗumin jiki ko a tsakiyar bazara, tsoho kuwa jikinsa ba ya saurin mayar da ɗumin. Alamar farko rawar ɗari ce, sannan ruɗewar tunani, wadda ta fi muni ga wanda babu mai lura da shi. Idan ta wuce duwatsun arewa hanya takan yi sauƙi, amma yini yana ta gajarcewa, kuma sau da yawa hunturu kan riske ta a manyan tsaunukan kudu cikin Nuwamba.

Gatewood ta dawo a 1955, wannan karon daga kudu. Ta tashi daga dutsen Ogiltof na Jojiya, wanda shi ne bakin hanyar kafin a mayar da shi dutsen Sifiringa a 1958, ranar 3 ga Mayu, sanye da takalmin kambas, da buhun da ta ɗinka da kanta a kafaɗa, da bargon soja da labulen wanka na leda maimakon tanti. Ta isa ƙololuwar Katadin ranar 25 ga Satumba, bayan kwana 146, ta zama mace ta farko da ta gama hanyar ita kaɗai a tafiya guda. Ta maimaita a 1957, ta kuma kammala karo na uku kashi-kashi a 1964. Ta rasu a 1973 tana da shekara 85.