Makiyayin da Garkensa ke Cikin Kwamfuta

Aikin yakan fara da 'yan layukan umarni. Masanin ilimin gado ya buɗe manhajar SLiM, wadda Philipp Messer da Benjamin Haller suka raina a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya ce a kafa masa al'umma ta mutum 10,000, dukansu na lissafi. Ya raba wa kowa ƙwayoyin gadonsa, ya tsara wa zai auri wa, ya ƙayyade yawan sauyin da kowane jariri zai zo da shi. Sai ya sake su. Kafin shayinsa ya huce, jikoki da tattaɓa-kunne sun zo sun wuce.

Ciwon sikila sauyi ɗaya ne a ƙwayar gado ɗaya, bin sawunsa da sauƙi. Tsayin mutum, hawan jini da albarkar masara kuwa taron dangi ne. Tun 1918 Ronald Fisher ya nuna da lissafi cewa ƙwayoyi masu yawa ke haɗa irin waɗannan halaye, kowace da ɗan abin da ta kawo. A 2022 bincike kan mutum miliyan 5.4 ya gano wurare sama da 12,000 a DNA masu alaƙa da tsayi. A wannan cunkoson, da wuya a raba mai aikin da 'yar rakiya.

Nan ribar sana'ar take: masanin shi ya ɓoye kayan, ya san inda suke. Da hannunsa ya zaɓi ƙwayoyin da za su ƙara tsayi. Sai ya miƙa bayanan ga dabarar ƙididdigar da ake son gwadawa. In ta nuno su, madalla. In ta kama wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, a koma gyara tun ba a kai ta kan mutane na gaskiya ba.

Wasu ta baya suke bi. Da manhajar msprime, bisa lissafin John Kingman na 1982, sukan fara daga 'yan yau su bi salsala har kakan farko.

Gwaji ɗaya ba ya zama hujja, don sa'a ma tana kashe iri, tana raya wani. Gwani yakan maimaita sau ɗaruruwa. Kowane karo yakan adana lambar da ya fara da ita, wadda 'yan sana'ar ke kira "iri", domin duk mai shakka ya shuka ta, ya ga ko garken zai fito yadda aka ce.